Shekarar da Munka Shuka Lifidi

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Kwana da kwanaki ke nan hadari na haɗuwa gabas, ya yi baƙi, ya yi ruri, iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da gumi. Jiya jikata ta dawo daga kasuwar Wara da irin gero cikin leda, an shafe shi da wani jan magani, ta ce mini ko kaza ba ta taɓa shi. Na juya ledar, na shinshina, na miƙa mata abinta. Na ce da irin wanga munka samu a shekarar Bidi, da ban yi abin da na yi ba.

Bidi doki ne, na maigidana Malam, Allah ya jiƙansa.

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba. Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwa. Tun da anka tare kogin Kwara a Kainji anka kwaso mu anka zuba bisa tudu, a ɗakunan gwamnati masu lanƙwasasshen rufi, waɗanda ke dafa mutum da rana kamar dankali a toka. Kowa ya fito da abin da ya iya ɗauka. Ni na fito da geron Inna, ɗan gajere, mai ƙwaya jaja-jaja, mai nuna da wuri. Malam ya fito da goɗiyar mahaifinsa, ita ta haifi Bidi daga baya. Abin da bai fito da shi ba shi ne lifidin kakansa. Ya rataye shi a zaure ya ce zai koma ya ɗauko, ruwa ya riga shi.

Yaran yanzu ba su san lifidi ba. Rigar doki ce ta yaƙi, mai kauri kamar katifa. A cusa audugar rimi tsakanin ƙyalle biyu a ɗinke layi-layi, a rufe dabba da ita tun daga wuya har gwiwa, kibiya ta faɗa ta maƙale. Gidan su Malam 'yan lifidi ne tun kaka da kakanni. Shi bai taɓa ganin yaƙi ba, bai ma taɓa hawa da lifidi ba, amma labarin na bakinsa kamar goro.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero na fid da kai. Abin da munka kai rumbu bai kai rabin na kullum ba. Kafin bazara ta yi tsakiya mun koma ci sau ɗaya, kunu da tsamiya, ko busasshiyar tafasa a yayyafa mata gari. Tabki ya ja baya, ya bar laka mai tsaga wadda ƙafar mutum ke shiga, har kawunan itatuwan tsohon garinmu sunka fito baƙaƙe. Masunta na kwana bisa ruwa su dawo da abin da bai cika akushi ba. Yarana uku sunka daina wasa. Da hantsi sai su nemi gindin randa su jingina, nan kaɗai ke da sanyi.

Cikin wannan hali wani mutum ya zo bisa babur daga Yelwa. Ya ce za a nuna wa ɗaliban makaranta da baƙi daga Sakkwato yadda ake yaƙin da, a fili, da masu baka da masu mashi, kuma an rasa ɗan lifidi ko ɗaya. An ce masa a garinmu akwai jikan 'yan lifidi. Ya kawo ƙyalle ja da shuɗi, da buhun dusa guda. Ina bayan zana na ji Malam ya ce ya karɓa.

Da mutumin ya tafi na ce, "Malam, da mi dokin ga zai ɗauki lifidi? Haƙarƙarinsa na ƙirguwa daga nan."

Ya ce, "Ga dusa an kawo."

"Dusar kwana nawa?"

"Kulu, ɗinki anka ce ki yi, ba duba ba."

Ɗinki kuwa ni na yi, don a garin babu mai riƙe basilla kamar ni. Na bi gindin rimi ina tsintar auduga, da ta kasa na haɗa da ta gona da tsummokara. Malam ya zana mini fasalin a ƙasa da tsinke: na ƙirji, na gefe biyu, na baya, da na kai mai ramukan ido.

Shi kuma kullum bayan sallar asuba ya goge Bidi, ya ba shi ruwan kanwa, ya ja shi bakin tabki inda lakar ta bushe ta yi fili. Da farko buhunan yashi ya rataya masa dama da hagu don ya saba da nauyi. Sannan ya rufe masa fuska da zane mai huji biyu. Sannan Ɗanjuma makaɗi ya zo yana buga masa ganga a gindin kunne, ana kaɗa garwa, wani mafarauci ya tashi bindiga hayaƙi ya turnuƙe. Ranar farko Bidi ya kayar da Malam cikin laka, Ɗanjuma ya yi masa kirari yana kwance: "Na gaban dama ya riga mu sauka!" Malam ya ce dokin lifidi ba na sukuwa ba ne, aikinsa ya taka a hankali kamar bango na tafiya, kowa ya tsere, shi bai tsere ba. Kafin sati uku Bidi ya koya. A buga bindiga a gabansa, kunne kawai zai kaɗa. Ba zan ɓoye ba, ranar da na gani daga nesa na tsaya da tulu a ka har wuyana ya ƙage.

Dusa ta ƙare cikin kwana goma sha biyu. Harawa dama babu. Malam ya koma rumbu yana ɗibar wa Bidi gero, tafi biyu da safe, tafi biyu da yamma. Na bar shi, don rumbu nasa ne. Maƙwabciyata Ladi, Bagungiya mai sayar da kifi, ta leƙo ta katanga wata rana ta ce, "Kulu, ku gaya mini addu'ar da kuka yi wa dokin ga. Gidanku shi kaɗai ka ƙiba. Ko in zo a ɗaure ni a turken?"

Na ce, "Zo, akwai ragama."

Iri kuwa nawa ne. Da kaka nake zaɓen zangarniya mafi cika, in ɗaure da ƙullin da ni kaɗai na san shi, in rataye a madafi inda hayaƙi ke duka. Inna ta ce mini tun ina yarinya, komai yunwa ba a sauke shi, gara a kwana da ruwa. Wata safiya ina share turke na ga ƙwaya a cikin kashin doki, wadda ba ta narke ba. Na sa tsinke na tona. Jaja-jaja. Na shiga madafi na ɗaga kai. Ƙullin ba nawa ba ne, kuma zangarniya bakwai babu.

Ban yi magana ba. Da na yi, zai ce kaɗan ya ɗiba, zai rantse ba zai ƙara ba, kuma zai ƙara, don na ga yadda yake kallon dokin nan. Na zauna na yi tunanin inda zan kai. In na binne, gara. In na ba maƙwabta ajiya, gidan da yara ke kuka ba a ba shi ajiyar hatsi, ba don mugunta ba. Ɗakina kuwa babu lungun da bai sani ba. Wuri ɗaya ne a gidan nan da na tabbata Malam ba zai taɓa sa wa wuƙa ba.

Da ya fita da Bidi na sauke irin. Ban sa a turmi ba, kada a ji sussuka. Da hannu na murje shi, zangarniya bayan zangarniya, har tafina ya yi jini. Ya cika mudu huɗu. Na ɗinka 'yan siraran jakunkuna na ɗura, na naɗe su da auduga, na jera su cikin layukan lifidin, na ƙirji da na gefe biyu, na bi da basilla na rufe.

Ya dawo ya shiga madafi neman wuta, na ga idonsa ya tafi sama. Ya tsaya.

"Ina iri?"

"Na kai inda ɓera ba ya zuwa."

Bai ƙara tambaya ba. In ya ƙara ya tona kansa.

Ranar da anka gwada wa Bidi lifidin, Malam ya ɗaga na ƙirjin ya auna a hannu ya ce, "Ya yi nauyi."

Na ce, "Na kakanka ya fi shi sauƙi?"

Ya yi murmushi ya ce a'a, na da sai mutum biyu. Ya ji daɗi ma. Bidi dai ya yi ta juyo da kai yana shinshinar ƙirjinsa, Malam na buge masa baki.

Lissafina shi ne saura kwana takwas a yi wasan, ruwa kuwa da sauran wata guda. Ya je ya dawo, in kwance ɗinkina, in mayar da auduga, kowa ya tsira da mutuncinsa. Sai mai babur ya dawo ya ce an ɗaga, baƙin ba su samu zuwa ba. Anka sake ɗagawa. Lifidin kuma ya bar hannuna, Malam ya rataye shi a zaure inda yake wuni, mutane na zuwa kallo. Zafi ya kai inda ƙadangare ke buɗe baki a inuwa. Shamuwa ta iso. Iska ta juya ta fara zuwa da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani wuri. Kullum sai in fito in dubi gabas, in dubi zaure. Duk garin na roƙon ruwa, ni kaɗai nake roƙon ya dakata, kuma na san abin da nake roƙo ba shi da kyau.

Ranar tafiya ta zo. Yelwa tafiyar yini ce da doki. Za su isa da yamma, washegari a yi gwaji, rana ta uku a yi wasa. Malam ya naɗe lifidin ya ɗaure bayan sirdi, ya rataya kwalkwalin da wani maƙeri ya gyara masa, Ɗanjuma na gefe da gangarsa. Gabas ta yi duhu tun da safe. Na so in gaya masa.

Na ce, "Malam, in hadari ya taso ka nemi rumfa. Kada lifidin ya jiƙe."

Ya yi dariya. "Lifidi ka tsoron ruwa? Kakana da nashi ya ƙetare Kwara."

"Na dai gaya maka."

Ɗanjuma ya ce, "Uwar gida, ɗinkinki kike tausai ko mijinki?"

Ga mutane sun taru rakiya. In na faɗa a nan, na faɗa wa gari cewa mijina ya saci iri ya ba doki, ni kuma na yi masa ɓoyo kamar baƙo. Na ja bakina. Sunka tafi.

Bayan azahar ruwa ya sauko. Ba yayyafi ba, ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin wanda ke tsaga ƙasa ya cika kwari. Yara sunka fita tsirara suna ihu, mata na guɗa, ana tara a kowace tukunya. Ni ina tsaye a ƙofar madafi ina ƙirga inda sunka kai. Na san hanyar. A wannan lokacin suna tsakiyar fako, babu ko bukka. Na tuna audugar gona da tsummokaran da na cusa, masu shan ruwa kamar soso.

Washegari gari ya fashe zuwa gona. Ban iya zama ba. Na ɗauki sungumi na tafi tamu na fara sara. Layi bayan layi ina buɗe ramuka, babu mai bi na a baya da ƙwarya. Ƙasa ta yi laushi, tana ƙamshi, tana karɓar sungumi kamar tana jira. Ladi ta biyo ta gefen gonar ta tsaya.

"Kulu, ina irin?"

"Shina tafe."

"Daga ina? Aljannu ka kawo shi?"

Na gaya mata. Ita kaɗai na taɓa gaya wa da bakina sai yau. Ta kwashe da dariya har ta dafa gwiwa, ta ce, "Kin aika gero kallon wasa Yelwa!" Sannan dariyar ta tsaya. Ta ce, "Ruwan jiya ya same su?" Na ce ya same su. Ta dubi ramukan nan, ta kwance bakin zanenta ta zuba mini dawa cikin tafi, abin da ya rage mata. Bai shuka layi uku ba. Na karɓa, ni da ban taɓa karɓar komai a hannun kowa ba.

Da yamma anka ƙara wani ruwan. Rana ta uku na koma na ci gaba da sara, don in na tsaya zan yi kuka, kuma ba na kuka gaban mutane.

Abin da ya faru a Yelwa ban gani ba, Ɗanjuma ya ba ni labari daga baya. Sun isa a jiƙe sharkaf. Anka sauke su a wani ɗakin ajiya, Malam ya jingine lifidin a naɗe, don babu rana balle shanya. Gwaji anka yi shi babu kaya saboda laka. Safiyar wasa, fili ya cika, an jera ɗalibai, an kafa rumfar baƙi, masu baka sun shafa baƙi a fuska. Malam ya kwance igiya ya warware lifidin. Ɗanjuma ya ce wani ɗumi ya taso daga ciki, da wari kamar na tsiron da ake jiƙawa. Jan ƙyallen nan duk ya fito da fararen zaruruwa, sirara, kamar furfura. Bidi ya miƙo wuya ya kafa haƙori. Malam ya ture shi, ya sa farce ya tsinke ɗinki ɗaya, ya zuba a tafinsa. Ya daɗe yana kallo.

Ɗanjuma ya ce masa, "Malam, an fara kiran suna. Ka hau, rabin yini ne. Mu kama hanya gobe."

Malam ya ce, "Gero in ya tsaga ba ya jiran gobe."

Mai babur ya zo yana roƙo, ya ce shi kaɗai ne ɗan lifidi, baƙi sun taso tun daga Sakkwato. Malam ya ba shi haƙuri sau uku. Ya ɗora lifidin bisa Bidi a buɗe don ya sha iska, bai hau ba kada ya danne tsiron, ya ja ragama da ƙafa. Sun bi ta bayan fili ana buga tambari.

La'asar ta yi sanyi na hango su. Bai biya gida ba, gona ya nufo, laka har gwiwa, kwalkwali na lilo a sirdi. Ya dubi ramukan da na sara tun daga wannan kunya har waccan. Ya sauke lifidin ya shimfiɗa a gabana.

Ya ce, "Ke kinka ɗinka."

Na durƙusa na fara kwance zaren da basilla, a hankali, layi-layi, don a iya mayarwa. Ya tsaya yana kallona, ya dubi rana. Sai ya zaro wuƙarsa ya durƙusa, ya kafa ta a wuyan na ƙirjin ya ja har ƙasa. Ƙarar yagewar nan har yau tana kunnena.

Irin da ke ƙasa ya ruɓe, ya yi yauƙi, sai zubarwa. Na sama ya tsira, amma saiwar ta huda jakunkunan ta kama auduga ta kama ƙyalle, in ka ja ta tsinke. Babu yadda za a raba. Malam ya yanka ƙanana-ƙanana, kowane yanki da 'yan tsironsa, muna jefawa a rami muna rufewa da diddige. Ladi ta zo da 'ya'yanta mata, Ɗanjuma ya aje ganga ya karɓi ƙwarya. Munka yi har duhu ya hana, munka ƙarasa da sassafe. Wanda ya wuce ta gonarmu ranar nan ya ga ja da shuɗi na leƙowa daga ƙasa.

Kashi ɗaya cikin uku ya tashi, nan cike can sanƙo. Bai kai mu wata kakar ba, mun sha wuya, amma na zaɓi zangarniyata na ɗaure na rataye, kuma babu wanda ya sake taɓa ƙullin. Geron Inna bai yanke ba. Bayan girbi Malam ya kai Bidi wajen wani mutum a Shanga ya dawo da ƙafa. Ba a sake aiko masa daga Yelwa ba. Labarin kakansa kuma ya bar bakinsa, ko yara sun tambaya sai ya ce ya manta.

Bai taɓa ce mini don mi kinka ɓoye ba. Ban taɓa ce masa don mi ka ɗiba ba. Shekara ashirin da wani abu munka ƙara tare a haka. Da noman farko na shekarar lifidin, da na baɗinta, fartanya kan tono ɗan guntun ƙyalle, in ga ya duƙa ya ɗauka, na ɗauka jefarwa yake a bakin gona. Sai da ya rasu ina kwashe kayansa na buɗe gafakarsa. Suna ciki, goma sha ɗaya, ja da shuɗi, da ƙasarsu a jiki, ya naɗe su a fatar da yake naɗe laya.

Jikata ta ce in sauke tsohon geron nan na madafi in ba kaji, na leda ya fi shi yawa. Na ce ta shuka nata. Nawa yana nan a rataye, gafakar na kusa da shi. In ruwa ya sauka da kaina zan sauke.